Yadda Ɗalibi Zai Farfaɗo Daga Sanyin Jikin Aji Biyu a Jami'a

Malaman jami'a da suka daɗe suna duba sakamakon ɗalibai sun san wani abu da su ɗaliban ba su cika lura da shi ba sai bayan ya yi musu ɓarna, wato yadda ƙwazon mutum yake ja da baya a shekararsa ta biyu. Ɗalibin da a ajin farko yake rigan kowa shiga ɗakin lakca domin ya sami kujerar gaba, yana rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami, shi ne a aji biyu za ka tarar yana aika wa abokinsa saƙo ya ji ko malam ya shigo kafin ya yanke shawarar tashi daga katifa. Bai yi niyyar barin karatu ba, kuma idan ka tsare shi da tambaya ba zai iya nuna maka ranar da abin ya fara ba. Abin da kawai ya sani shi ne karatun ya daina yi masa armashi, kwanaki suna tafiya, jarrabawa kuma tana matsowa.

Akwai dalilai na zahiri da suke haddasa wannan, kuma sanin su shi ne rabin maganin. A ajin farko abubuwa da yawa ne suke riƙe da ɗalibi ba tare da ya ankara ba: murnar samun gurbi bayan wahalar JAMB da jarrabawar tantancewa, bikin rantsar da sababbin ɗalibai, iyayen da suke kira kowane dare, ƙungiyoyin da suke shirya wa sababbi darussan ƙari kyauta, da kuma fifikon da jami'o'i da yawa suke bai wa 'yan ajin farko da na ƙarshe wajen rabon gado a ɗakunan kwana. Haka nan galibin kwasa-kwasan ajin farko ci gaban abin da aka yi a sakandare ne da ɗan ƙari a kai, saboda haka mai tushe mai kyau yana iya cin su da ƙoƙari kaɗan. Da an shiga aji biyu sai duk waɗannan su janye lokaci guda, a daidai lokacin da ainihin karatun sashe yake farawa. Ɗalibin likitanci ya haɗu da ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki, ɗalibin shari'a ya shiga dokar kwangila da dokar tsarin mulki, na injiniya kuma ya ga lissafin da bai yi kama da wanda ya baro ba. Zumuɗin shigowa ya ƙare, ranar kammalawa kuma ta yi nisan da ba za ta iya zaburar da kowa ba.

A ganina kuskure ne a kira wannan lalaci, domin wanda aka ce wa malalaci babu abin da zai yi sai ya zargi kansa, ya ƙudura niyyar sauyawa daga Litinin, ranar Laraba kuma ya koma inda yake. Abin da ya faru shi ne tsarin da yake tafiyar da ɗalibi daga waje ya gushe, alhali bai gina nasa ba tukuna. Aikin da yake gabansa shi ne gina wannan tsarin da hannunsa, kuma akwai inda ya kamata ya fara.

Ka zauna ka yi lissafin makinka

Ɗalibai da yawa suna kai wa aji uku ba su taɓa lissafa CGPA ɗinsu, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da suka yi tun shigowarsu, da kansu ba, sai dai su leƙa shafin jami'a su ga lamba su rufe. Wannan babbar asara ce, domin babu abin da yake farkar da mutum kamar ya ga a takarda inda sakacin zango guda zai kai shi. A yawancin jami'o'in Najeriya ana amfani da ma'aunin maki 5: wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A mai maki 5, daga 60 zuwa 69 B ce mai maki 4, daga 50 zuwa 59 C ce mai maki 3, daga 45 zuwa 49 D ce mai maki 2, daga 40 zuwa 44 E ce mai maki 1 a inda ake aiki da ita, abin da ya gaza haka kuwa F ce, ba ta da ko maki ɗaya. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50 zuwa 4.49, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Ka tabbatar da waɗannan iyakoki a littafin dokokin ɗalibai na jami'arku, domin shi ne hujja, musamman game da makin da idan mutum ya gaza shi ake yi masa gargaɗi ko a sallame shi.

Ka sami farar takarda ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa: sunan kwas, yawan yunit ɗinsa (wato nauyin da jami'a ta ba kwas ɗin a lissafi), harafin da ka samu, sannan sakamakon ninka yunit da makin harafin. Alal misali, kwas mai yunit 3 da ka ci B ya ba ka 12, mai yunit 2 da ka ci C ya ba ka 6, wani mai yunit 3 da ka faɗi ya ba ka 0. Jimla 18 ke nan, idan aka raba da yunit 8 sai a sami 2.25. Yanzu ka goge wannan F ɗin ka rubuta C a madadinta, za ka ga jimlar ta koma 27, matsakaicin kuma ya haura zuwa 3.38. Kwas ɗaya tak, wanda wataƙila lakcarsa ta ƙarfe takwas na safe ce ta sa ka yi watsi da shi, shi ya sauke ka da fiye da maki guda. Ka kuma lura da cewa a galibin jami'o'i ba a share F daga lissafi ko da ka sake kwas ɗin ka ci A, sai dai a ƙara sabon sakamakon a kan tsohon.

Sai kuma lissafi na biyu, wanda shi ne ya fi nuna nauyin aji biyu. Mu ɗauka digirinka na shekara huɗu ne, kuma domin sauƙin lissafi kowace shekara tana da yunit 40, wato 160 gaba ɗaya. Domin ka fita da 3.50 kana buƙatar jimlar maki 560. Idan ka gama ajin farko da 3.00 kana da 120 a hannu. Idan a aji biyu ka yi sanyi ka sami 2.50, ka ƙara 100 kawai, jimla 220, saura 340 da za ka nemo a cikin yunit 80, ma'ana sai ka riƙe 4.25 a aji uku da aji huɗu baki ɗaya, a lokacin da karatu ya fi tsauri ga kuma aikin binciken kammalawa. Idan kuwa a aji biyun ka dage ka sami 3.70, jimlarka ta zama 268, abin da ya rage maka shi ne ka riƙe 3.65, wanda duk ɗalibi mai matsakaicin himma zai iya. Tazarar da take tsakanin 4.25 da 3.65 ita ce farashin sanyin jikin shekara guda. Dalili ke nan da ya sa ake ganin 'yan ajin ƙarshe suna kwana a aji suna cin A amma lambar tana motsi da ƙyar, domin yawan yunit ɗin da suka tara a baya ya riga ya danne ta. A aji biyu kuwa har yanzu tana da sauƙin juyawa, sama ko ƙasa.

Wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da NCE ko difloma ko shaidar karatun share fagen shiga jami'a ta IJMB ya ƙara kula, domin lissafinsa daga wannan shekarar yake farawa, kuma tun da shekarunsa a jami'ar sun gaza na abokan ajinsa, kowane kwas ya fi yi masa nauyi. Ga shi kuma ya tarar da mutanen da suka riga suka san juna, suka san halin kowane malami. Kada girman kai ko ganin ya girme su ya hana shi shiga cikinsu tun makon farko.

Rajista da ofishin kodineta

Da yawa daga cikin ɗaliban da suke ƙara shekara a jami'a ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya jawo musu ba, kurakuran rajistar aji biyu ne da ba a gyara da wuri ba. Ƙa'ida ita ce a fara rajistar kwas ɗin da aka faɗi, wanda ɗalibai suke kira kari-oba, kafin sababbi, kuma akwai iyakar nauyin da ake yarda mutum ya ɗauka a zango guda, galibi tsakanin yunit 15 zuwa 24. Wannan yana nufin duk kari-oba da ka ɗauko tana iya ture wani kwas na aji biyu zuwa aji uku, shi kuma ya ture wani zuwa aji huɗu. Ƙari a kan haka, kwas ɗin zangon farko sai a zangon farko na shekara mai zuwa ake sake shi, kuma akwai kwasa-kwasan da ba a yarda ka ɗauka ba sai ka ci wanda yake gabansu. Wanda bai zana wannan taswirar ba tun yanzu, sai a aji huɗu zai gano cewa kwas ɗaya mai yunit 2 zai riƙe shi shekara guda, abokansa suna sansanin bautar ƙasa shi yana biyan sabon kuɗin rajista.

Mutumin da aikinsa ne ya duba maka wannan shi ne kodinetan ajinku, amma ɗalibai da yawa ba sa zuwa wurinsa sai don sa hannu. Ka je ofishinsa a lokacin aiki, ba a ranar da za a rufe rajista ba lokacin da layi ya kai bakin matakala, ka riƙe takardar sakamakonka da jerin kwasa-kwasan da kake son ɗauka. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka a taƙaice: "Malam, ina aji biyu ne, ga sakamakona na bara. Ina da kari-oba biyu, kuma ɗaya daga cikinsu lokacin lakcarta ya ci karo da wani kwas na bana. Ina roƙon ka duba mini wanda ya kamata in jinkirta." Malamin da ya ga ɗalibi ya zo da takardunsa a shirye da tambaya ƙwaya ɗaya bayyananna, da wuya ya sallame shi ba amsa. Ɗalibar da take jin nauyin shiga ofis ita kaɗai ta tafi da ƙawarta, babu wanda zai ga laifinta a kan haka.

Idan akwai kwas ɗin da ka rubuta jarrabawarsa amma sakamakon bai fito ba, kada ka zauna jiran ya gyaru da kansa. Ka rubuta takardar koke zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta ko jami'in jarrabawa, ka haɗa da kwafin takardar rajistar kwasa-kwasai da katin jarrabawa, ka kuma ajiye kwafi a wurinka. Neman takardar amsa wata uku bayan jarrabawa abu ne mai sauƙi, nemanta bayan shekara biyu kuwa wahala ce ga kowa. Saboda haka duk wata takarda da aka sa wa hannu, da rasit, da takardun gwajin da malami ya dawo da su, ka tara su a jaka guda, ka kuma ɗauki hotonsu ka aika wa kanka ta imel.

Sauya salon karatu

Salon da ya fitar da kai a ajin farko, wato tara takardu har sai an kafe jadawalin jarrabawa sannan a shiga karatun kwana, ba zai ɗauke ka a aji biyu ba. Kowa ya san yadda ajin dare yake a makon jarrabawa: fitilar caji a kan benci, maganin sauro yana hayaƙi a ƙarƙashin kujera, ledar ruwa da goro ko kofi a gefe, mutum ya buɗe shafi na huɗu na takardar da take da shafi sittin, zuwa ƙarfe biyu kansa yana kan tebur. Da asuba ya fito yana jin ya yi ƙoƙari saboda jikinsa ya gaya masa, alhali abin da ya zauna a kansa bai taka kara ya karya ba. Rashin barci yana rage ƙarfin riƙe abin da aka karanta, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da ta ɗauka da rana.

Abu na farko da za ka gyara shi ne makin da ake tarawa kafin jarrabawa, na gwaji da aikin gida da aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda yake ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon jami'a. Idan naku 40 ne kuma ka tara 28, kana buƙatar 32 kacal cikin 60 domin ka kai B. Idan kuwa 12 ka tara saboda gwajin ba-zata ya same ka a ɗaki, sai ka ci 48 cikin 60 kafin ka kai wannan B ɗin. Wannan kaɗai ya isa hujjar halartar lakca, ko da malamin karanto takarda kawai yake yi, balle kuma dokar jami'o'i da yawa ta shardanta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Gaskiya ne ba kowane malami ne yake tsananta wannan dokar ba, amma ba ka san ranar da za ka haɗu da mai tsanantawa ba.

Abu na biyu shi ne yadda kake bitar abin da aka koyar. Maimaita karanta takarda ana ja mata layi da biro yana sa mutum ya ji kamar ya iya, domin idonsa ya saba da shafin, amma a ɗakin jarrabawa babu shafin. Duk wanda ya zauna da mahaddata Alƙur'ani ya san ba kallon allo ne yake tabbatar da hadda ba, kifa allon ne a kawo daga ka, a yi tuntuɓe, a duba, a sake, sannan a riƙa komawa baya da tilawa don kada na jiya ya zube. Haka za ka yi da darasin jami'a. A ranar da aka yi lakca ka ware minti ashirin ka rufe littafi, ka rubuta a wata takarda duk abin da ka iya tunawa, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Ka sake yin haka bayan kwana uku, sannan a ƙarshen mako, sannan bayan mako biyu ko uku. Yana da ɗaci fiye da karatun ido domin yana tona maka asirin abin da ba ka sani ba, kuma wannan tonon shi ne amfaninsa. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma haka ya kamata a yi da su: a nemo su tun farkon zango daga 'yan aji uku ko ɗakin karatu na sashe, a amsa su a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, maimakon a haddace amsoshin da wani ya rubuta ba a san ko daidai ba ne.

Game da lokaci, ɗalibin aji biyu yana da sa'o'i da yawa da suke zubewa tsakanin lakca da lakca, a ƙarƙashin bishiya ko a wurin mai shayi. Idan kana da lakca ƙarfe takwas, ta gaba kuma sai ƙarfe biyu, kada ka koma ɗaki, domin katifa za ta karɓe ka. Ka wuce ɗakin karatu, ko babba irin na Kashim Ibrahim da yake harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko ƙaramin na tsangayarku, ka sa wayarka cikin jaka ba a kan tebur ba. Sa'a guda bayan sallar asuba, kafin hayaniya ta tashi kuma kafin zafin rana, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, ta fi sa'a uku na tsakar dare albarka. Rukunin karatu kuma kada ya wuce mutum uku ko huɗu, kowa a ba shi ɓangaren da zai koyar da sauran, domin da ya kai mutum goma ya zama majalisa.

Masauki, aljihu da abokai

Wanda ya rasa gado a cikin makaranta ya koma haya a unguwanni irin su Danbare da Rijiyar Zaki a Kano, ko cikin garin Samaru a Zariya, rayuwarsa ta sauya fiye da yadda yake zato. Ga neman ruwa, ga girki, ga rashin wuta, ga kuɗin abin hawa da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Da yawa daga cikin lakcocin da ake ƙauracewa ba ƙiwa ce ta hana zuwa ba, lissafin kuɗin mota ne. Idan za ka kama ɗaki, ka fifita kusanci da ƙofar makaranta a kan kyan ɗaki, ka kuma zaɓi abokin zama da idon basira, domin wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya fi kowane malami tasiri a kan lokacin barcinka da na tashinka. Ka fita sau ɗaya da safe da duk abin da kake buƙata, har da abincin rana idan da hali, ka dawo da yamma.

Idan matsalar kuɗi ce take cinye maka hankali, ka kira ta da sunanta ka nemi hanyarta. Tun shekarar 2024 asusun NELFUND yake bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ya ƙunshi kuɗin makaranta da ake biya kai tsaye ga jami'a da kuma kuɗin kashewa na wata-wata ga wanda ya nema. Rance ne da za a biya bayan an gama, don haka ka karanta sharuɗɗansa ka kuma shawarci mahaifinka ko wanda yake ɗaukar nauyinka. Hukumomin bayar da tallafin karatu na jihohi ma suna buɗe rajista lokaci zuwa lokaci, kuma ƙungiyar ɗaliban jiharku ita ce ta fi saurin sanin ranar. Sana'a kuwa, ko ɗinki ce ko kitso ko sayar da data ko zaman shagon POS, abin yabo ce, da sharaɗin a yanka mata sa'o'inta, yamma ko ƙarshen mako, kada ta riƙa cin lakca. Cacar ƙwallo ta waya ba ta cikin sana'o'i, kuma ta raba ɗalibai da yawa da kuɗin rajistarsu.

A aji biyu ne kuma ƙungiyoyi suke fara neman ɗalibi da muƙami, daga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ta ɗalibai Kirista ta FCS zuwa ƙungiyar sashe, ta jiha, ta ƙaramar hukuma da siyasar ƙungiyar ɗalibai. Guda ɗaya da kake yi da gaske tana ba ka abokai da gogewa, tana kuma cike kaɗaicin da yake cikin abubuwan da suke kawo sanyin jikin tun asali. Uku ko huɗu kuwa taro ne kullum.

Idan kwas ɗin ne ba ka so

Akwai wanda sanyin jikinsa ya samo asali ne daga cewa likitanci ya nema aka ba shi ilimin tsirrai, ko shari'a ya nema aka ba shi tarihi. A ajin farko yana rarrashin kansa da cewa zai sauya, a aji biyu kuma ya ga ƙofar tana rufewa. Shawarata ita ce a yanke hukunci sau ɗaya a huta. Ka tambayi ofishin kula da harkokin karatu sharuɗɗan sauya sashe, domin galibi a farkon aji biyu ake yi, ana duba CGPA da darussan da ka ci a WAEC ko NECO da kuma ko akwai gurbi, wani lokacin ma sai ka yarda ka maimaita shekara. Idan ka cika sharuɗɗan kuma kana da tabbacin abin da kake so, ka nema ba tare da ɓata lokaci ba. Idan ba ka cika ba, to ka daina zama da ƙafa ɗaya a waje, domin wanda ya fita da sakamako mai kyau a kwas ɗin da bai zaɓa ba yana da hanyar digiri na biyu, da tallafin karatu, da aikin da ake tace masu nema da darajar digiri, abin da yake yi wa mai daraja ta uku wuyar samu ko da a kwas ɗin da ake rububi ne. Ka nemi wani da ya gama sashenku yake aiki da abin da ya karanta, ka tambaye shi yadda aikin yake. Sau da yawa ƙiyayyar kwas rashin sanin inda yake kaiwa ne.

Wani abin da yake kashe gwiwa shi ne katsewar karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, na 2020 ma ya kai kusan wata tara, kuma abin da ya biyo bayansu shi ne zangunan da aka matse, aka yi lakca da gwaji da jarrabawa a guje. Idan irin haka ta sake faruwa, ka tafi gida da takardunka, ka riƙe ko da sa'a guda a rana, domin ranar da aka janye ba za a jira kowa ya tuno abin da ya manta ba.

Lokacin da abin ya wuce sanyin jiki

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ɗalibin da lafiyarsa ƙalau, tsari ne kawai ya kuɓuce masa. Amma akwai wanda abin da yake damunsa ya fi haka. Idan ka shafe mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun fita daga ranka, barci ya ƙaurace maka ko ya yi maka yawa, cin abincinka ya sauya, kana ganin kanka ba ka da wani amfani, to wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma jadawalin karatu ba ya warkar da shi. Ka je asibitin makaranta ka gaya wa likita yadda kake ji ba tare da ragewa ba, ko ka nemi sashen bayar da shawara da yake ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Idan tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani babba da ka amince da shi a ranar, ya raka ka asibiti. Ka kuma guji duk wanda zai miƙo maka ƙwaya irin su tiramadol ko maganin tari mai kodin da sunan ƙarin kuzarin karatu ko kwantar da hankali.

Wani lokacin kuma matsalar ta jiki ce, kamar zazzaɓin cizon sauro da ba a gama maganinsa ba, ko ƙarancin jini, ko idon da yake buƙatar tabarau har karatu ya koma ciwon kai, kuma gwaji mai sauƙi a asibitin makaranta yana iya gano su. Wanda rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwar mai ɗaukar nauyinsa ta sa ba zai iya ci gaba a bana ba, kada ya ɓace kawai ya bar sunansa a rajista, domin duk kwas ɗin da aka yi wa rajista ba a rubuta jarrabawarsa ba, F za a rubuta. Ya rubuta takardar neman jingine karatu na zango ɗaya ko shekara guda ta hannun shugaban sashe kafin jarrabawa, ya haɗa da shaidar asibitin makaranta idan rashin lafiya ce, ya bi sawunta har a amince, sannan ya karɓi kwafin amincewar a rubuce ya adana shi tare da sauran takardunsa.